Waya Ta Kawo, Ƙafa Ta Kai

Ranar addu'ar uku ta Kawu tabarmi suka ƙare a gidan, sai da aka aro na masallaci. Yawan jama'ar bai ba ni mamaki ba, dattijo ne mai dangi, kuma Ɗan Kassari gari ne na bakin hanya. Irin maganar da suka riƙa yi ita ta tsaya mini a rai. A gidan makoki an saba jin "mutumin kirki ne, bai da abokin faɗa", a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. A na Kawu kuwa, kusan duk wanda ya buɗe baki da mutuwar wani yake farawa.

Wata tsohuwa da aka kawo bisa amalanken jaki ta ce a kira mata 'ya'yan mamacin bakin zaure. "Shi ya hwaɗa mini mutuwar maigidana," in ji ta. "Na yi ta jiran ranar da zan ƙi jinin huskarshi, ba ta zo ba." Wani dattijo Bafulatani, abokin Kawu tun ƙuruciya, ya jingine sandarsa ya ce Kawu ya taɓa bin sawun shanunsu har mashekari don ya shaida masa rasuwar mahaifiyarsa, kuma bai ce uffan ba sai da ya bari ya gama tatsa ya ajiye ƙwarya. Wani ɗan kasuwa daga Dogon Dutsi ya gyara murya zai yi nasa bayanin, sai wayarsa ta ɓarke da kiɗa cikin aljihu. Ya yi ta laluben ta yana gumi. Liman ya dube shi ya ce, "Da mai gidan na nan, da yau ka sha magana." Aka yi dariya, har da masu hawaye a fuska.

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, surutu sana'ata ce, amma ranar ban ce komai ba. Yanzu nake so in faɗi nawa, saboda jikokinsa da ke Yamai da Kwatano. Su abin da suka sani, wani tsoho ne mai aiko da dogon vokal, wato saƙon murya, wanda ake dannawa a ajiye a je a sha ruwa a dawo bai gama gaisuwa ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Manomi ne kamar kowa, gero, dawa da wake, ba sarauta ba malanta. Sai dai tun yana saurayi shi dangi ke aike. Haihuwa ce, goron aure ne, ciwo ne, mutuwa ce, shi ne a hanya, da ƙafa tun farko, daga baya da wani keke mai ƙara da ake jin zuwansa tun daga bayan gari. Labarin daɗi kowa ma ya iya kai shi. Na mutuwa ne ya zama nasa, har waɗanda ba danginmu ba sukan zo su roƙa a ara musu shi.

Yana da yadda yake yi, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. In ya shiga gari ba ya nufar gidan da aka aike shi. Maƙwabta yake fara shiga, ya nemi wanda mai gidan ko matar gidan ke sakewa da shi, ya faɗa masa, ya tura shi gaba da wata 'yar hujja, aron maburgi ko ɗibar wuta. Sannan ya yi sallama. In aka shimfiɗa masa tabarma sai ya jaye ta gefe, ya zauna bisa rairayi. Ya shanye ruwan da aka kawo. Ya gaida gajiya, ya gaida gona, ya tambayi yara, ya tambayi bisashe. Daga nan ya ce, "Jikin wane ya matsa." Ya yi shiru, ya bar maganar ta zauna. Sai ya ga hannun maƙwabcin ya kai bayan mutumin, sannan ya ce, "Sai haƙuri."

Lokacin ina ɗan kwaleji, kaina na hayaƙi da boko, na taɓa ce masa wannan jan rai ne kawai, gara a faɗa a huta. Ya tauna goronsa ya dube ni sheƙeƙe.

"Kai, ɗan lakkwal, in za ka aza ma mutum dami bisa kai, ba ka jira shi naɗa gammo?"

Aikin yana da abin da yake ci masa. A wajenmu ba a ajiye gawa, don haka ana wanka shi yana hanya, ana rufewa shi yana zaune gaban wani. Yakan ce kaburburan da ya ga an rufe da idonsa ba su da yawa. "Mamaci ya samu masu kai shi. Mai rai da ke can nesa, shi ne ba shi da kowa." Ko ranar da aka rufe mahaifiyata, 'yar'uwarsa ciki ɗaya, na waiga cikin sahu ban gan shi ba. Na san aike ya tafi, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba, kuma na daɗe da shi a rai.

Kada wani ya ɗauka Kawu maƙiyin zamani ne. Shi ya fara mallakar rakoda a unguwarsu. Zamanin da samari ke tafiya ci-rani Ikko da Abijan, wanda bai iya rubutu ba sai ya yi magana cikin kaset ya ba direba. Kawu ke yawo da rakodarsa cikin wata jaka da matarsa ta ɗinka, gida gida, yana kunna wa iyaye muryar 'ya'yansu. Amma yatsansa ba ya barin madanni. Wata rana ina biye da shi, muryar cikin kaset ta canza, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da zan hwaɗa miki." Kawu ya danne ta nan take. Ya juya rakodar, ya bubbuga ta, ya ce batir ya mutu, bari ya samo wani. Ya fita, ya dawo da batirin nan nasa na ɗazu da kuma maƙwabciya biye da shi. Ita ce ƙarya ɗaya da na san ya yi.

Da aka kafa ƙarfen waya a yankinmu, mutane suka riƙa hawa tudu hannu a sama suna neman rezo, wato inda waya za ta kama layi. Kawu ya ce bai taɓa ganin roƙon ruwa da rani irin wannan ba. Abin dariya ya ɗauke shi, har ranar da ya daina ba shi dariya.

Babban ɗansa, taubashina, yana sayar da kayan moto, wato babur, a Kwatano, kuma ya tafi da ɗan maƙwabciyarsu don ya koya masa kasuwa. Mota ta buge saurayin, ko shurawa bai yi ba. Taubashi ya kira wayar gidan su saurayin. Uwar na dawowa daga rijiya da bokiti a ka, aka miƙa mata wayar a kunne, shi kuma ya faɗa mata tsaye yadda abin yake. Ta yanke jiki ta faɗi, ƙugunta ya goce. Har yau da sanda take tafiya, da ita ta zo makokin Kawu.

Da taubashi ya zo Sallah, ina zaune aka yi ta a zaure.

"Baba, hoton gawar na cikin wayoyin mutane tun kahin a ɗauke ta bisa titi," in ji shi. "In ban hwaɗa ba, baƙo zai nuna mata. Wanne ya hi?"

"Ka tambaya tana zaune ko tana tsaye?"

"Ta waya ina zan gani?"

"To, shi ne nika hwaɗi."

Iyakar maganar ke nan, amma Kawu ya ƙi sa hannu akushi ɗaya da ɗansa har Sallar ta wuce. Shi ma ɗan bai sauko ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na so in shiga da wasan taubasantaka in rage zafi, na ce wa taubashi ai kai ko albishir ka kai sai an nemi mai ɗori. Ba wanda ya yi dariya. In gaskiya za a bi, kowannensu na da tasa. Labari ya riga ya fi keke gudu, wannan ba yadda za a yi da shi. Ita kuma matar nan da gaske ta faɗi.

Kawu ya yi damina guda yana juya abin a ransa. Bayan kaka sai ga shi a Dogon Dutsi, ƙofar lakkwal ɗinmu, wai in raka shi ya sayi waya, irin mai madanni, ba ta shafawa ba. Muna dawowa gida ya sa na kira masa dangin da ke nesa ɗaya bayan ɗaya, ɗansa ne na farko. Ga abin da ya faɗa wa kowa: "In an yi rashi, ni za a kira. Waya ta kawo mini, ƙahwa ta kai." Haka kuwa aka yi shekara da shekaru. A kira shi daga Kwatano ko Yamai, ya sa takalmi, wani ya goya shi a moto, ya je ya jaye tabarma. Samari suka laƙaba masa Rezo Mai Ƙahwa Biyu. Sunan ya yi masa daɗi, yakan ce nasa rezon ba ya ɗaukewa in an yi hadari.

Daga baya ɗan nasa ya aiko masa da ta shafawar, aka kuma buɗe gurup, wato zauren hira na dangi a waya. Nan Kawu ya samu gona. Vokal ɗinsa daga gidan babba yake farawa, ya bi ɗaki ɗaki, wane ɗan wance, wance jikar wane, wadda aka kai aure gari kaza. Jikokinsa na Kwatano, da Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsu, suka mai da shi abin wasa, suna kwaikwayon muryarsa. Garin kwaikwayo suka haddace wa ya haifi wa. 'Yata da ke karatu a Yamai ta ce mini daga bakin Kawu ta fara jin kanta cikin Arawa, ƙabilarmu, da can in an tambaye ta sai ta ce ita 'yar Dutsi ce kawai. Da na ba shi labari bai yi wani murna ba. "Cikin waya kowa ɗan ko'ina ne," ya ce. "Ranar da ya mutu aka tambayar ɗan ina ne."

A gurup ɗin ma sai da ya yi rigima. Muna da dangi a Lugu da ke riƙe da gargajiyarsu ta iskoki, kuma wanda ya buɗe gurup ya tsallake su, wai ba tafiyarmu ɗaya ba. Kawu ya aiko da vokal mafi gajarta a rayuwarsa. "Sa'ad da nika kai musu labarin mutuwa bisa keke, ban ga sun yi kuka da wani ido daban ba. A sa su, ko a hidda ni." Kafin azahar an sa su.

Saura in faɗi wadda duk wannan rubutun ya nufa. Su Kawu suna da yaya, muna ce mata Inna Babba. Uwarsu ta rasu Kawu na bakin yaye, ita ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi. An kai ta aure wani ƙauye can yankin Sukukutane, inda kwalta ba ta je ba. Yanzu idonta ya tafi, ga hawan jini, tana zaune da wata jikanyarta da mijin jikanyar. Da ciwon Kawu ya yi nauyi, ya kira mu, ni da taubashi da ya baro kasuwarsa ya zo jinya.

"Abu guda nika roƙo," ya ce. "Kada Yaya ta ji tawa ta bakin ƙarhe."

Muka ce in Allah ya yarda. Faɗi ya fi cikawa sauƙi.

Bayan sallar asuba ya cika, cikin damina, gero ya yi bunni. Mata suka sa kuka, wannan ya kira wancan, kafin rana ta ɗaga wani ɗan'uwanmu na Yamai ya sa hoton Kawu a gurup da salati a ƙarƙashi. Ban ga laifinsa ba, yanzu haka ake nuna an ji zafi. Amma jikanyar Inna Babba na cikin gurup, haka samarin ƙauyen da yawa. Rezo a can sai bisa wani tudu bayan gari, kuma da hantsi ake hawansa. Muka yi ta kira, ba ta shiga.

Taubashi ya ja ni bayan rumbu, ya danƙa mini makullin motonsa.

"Ni ɗa ne, ba ni barin gawa. Kai za ka tahi."

"Jana'izar hwa?"

"Shi nawa ya gani?"

Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ya riƙe ni bayan uwata, ina so in ɗauki makararsa, in zuba masa ƙasa da hannuna. Na dubi taubashi, shi da aka yi rigimar waya da shi, idonsa jawur, yana tura ni hanya. Na karɓi makullin.

An yi ruwa jiya da marece, hanyar ta zama inda ba rairayi ba, to laka ce. A kwari biyu sai da na sauka na tura moton, takalmi a hannu. Wayata na aljihu ba rezo, ba ta da maraba da dutse. Duk tudun da na hango sai in ga kamar yanzu wani ke gangarowa da gudu, waya a hannu, ya faɗa gidan tsohuwar nan yana salati, ita kuwa wataƙila tana tsaye dafe da bango. Da rana ta kai inda na san an sa Kawu gaba ana sahu, na tsaya gindin wata aduwa, na yi masa addu'a, na yi kukana ni kaɗai, na hau na ci gaba.

Bayan azahar na shiga ƙauyen. Akwai wata inuwa a bakin gari inda samari ke zama, kullum kiɗa na tashi daga wayoyinsu. Ranar tsit. Suka miƙe tsaye da suka gan ni, ba wanda ya yi mini ta'aziyya, ɗaya ya karɓi moton ya jingine. Na ce a raina shi ke nan, an riga ni.

Jikanyar ta tare ni bayan danga, ta rage murya. "Ba ta ji ba, Kawu." Ni ma Kawu take ce mini, ranar sunan ya yi mini nauyi. Ta ce da ta hau tudu saƙo biyu suka shigo tare, hoton da wani vokal. Ta kara mini wayar a kunne. Muryar taubashi ce: "Don Allah, mutanen garin Inna Babba, kowa shi riƙe bakinshi. Ƙahwa na bisa hanya." Ashe bayan fitata ya aika, ko Allah zai sa ya isa. Ita kuma ta bi gida gida, gari guda ya kashe waya. Maƙwabciyar ma ba sai na nema ba, tun hantsi tana ciki, wai ta zo taya tsinkar tafasa.

Na yi sallama. Inna Babba na zaune ƙofar ɗakinta, ƙwarya a cinya. Ta gane muryata, ta ce a shimfiɗa wa ɗanta tabarma. Aka shimfiɗa. Na kama bakin tabarmar na jaye, na zauna bisa rairayi. Aka kawo ruwa, na shanye. Na gaida gajiya, na gaida damina, na tambayi yara, na tambayi bisashe. Ta amsa mini kowace gaisuwa cikakkiya, ba ta gutsure ko ɗaya ba. Sannan ta ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Tun hantsi ban ji kukan waya ko guda ba cikin garin ga, sai kaji da awaki, awa zamanin da. Na san an yi rashi. Da na ji ka jaye tabarma, na san nawa ne." Ta gyara zama. "Amma kada ka tsallake mini komi. Hwaɗi yadda zai hwaɗa."

"Jikin Kawu ya matsa, Inna."

Na yi shiru. Maƙwabciyar ta matso, ta aza hannu a bayanta.

"Sai haƙuri."

Ta yi salati a hankali. Hawaye suka zubo, ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba, a zaune take, da hannun mutum a bayanta. Can ta miƙo hannu tana lalube, ta kamo ƙafata da busasshiyar laka a jiki, ta riƙe.

"Ka samu jana'iza?"

"Ban samu ba, Inna."

"Shi ma bai samu ta uwarka ba," ta ce. "Nan ya zauna, inda kake zaune. Sai da ya gama da ni, sannan ya koma bayan ɗaki ya yi nashi kukan."

Kawu, mun gode. Allah ya yafe maka, ya yalwata makwancinka, ya sa masu zuwa maka da tambaya su zo maka a hankali, yadda ka riƙa zuwa wa bayinsa.